Wasiƙa daga Biyana: Gasar Yara Makaɗa a Talabijin

Assalamu alaikum, abokina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali, da su Baba da Inna. Mu ma nan lafiya lau, sai kewar gida da sanyin da ya fara kankama.

Ka tambaye ni me mutanen nan Biyana, babban birnin Ostiriya, suke kallo a talabijin in ban da ƙwallo. To, bari in ba ka labarin wata gasa da ta shiga raina. Ka san gasar waƙe-waƙen Eurovision mai hayaniya da ƙyale-ƙyale. Tana da ƙanwa da ba kowa ya sani ba, wato Eurovision Young Musicians, wadda ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta Turai ke shiryawa duk bayan shekara biyu. An fara ta a 1982 a Mancesta ta Ingila, aka kwaikwayi wata gasa da BBC ta soma a 1978. Kowace ƙasa takan turo matashi guda, ya hau dandali da gogen Turawa ko fiyano ko wani abin busa, ga makaɗa birjik a bayansa, ga madugunsu da sandarsa.

Abin da ya ɗaure min kai da farko shi ne yaran ba nasu kiɗan suke yi ba. Yawanci kiɗa ne da aka rubuta tun kafin a haifi kakanninsu, kuma alƙalai sun san shi ciki da waje. To me ake aunawa? Hannu da kunne da natsuwa. Inda wani zai ruga, wani sai ya ja, ya bari sautin ya huce kafin ya ɗora. Ba a kuma buga waya a zaɓi gwani. Ƙwararrun makaɗa ne ke yanke hukunci. Wannan ya yi min daidai, domin da jama'a aka bar wa zaɓi, da mai fara'a ko mafi ƙanƙanta zai riƙa lashewa.

Mutanen Ostiriya kuwa suna ji da gasar nan, kuma da dalili, tunda zuwa 2024 sau shida suka ci, babu ƙasar da ta kamo su. A 1988 Julian Rachlin ya ci musu a Amsterdam yana ɗan shekara 13, ga shi yau duniya ta san shi da goge. A watan Agustan 2024 kuma Leonhard Baumgartner ya sake kawo musu kambun, shi ma da goge, a gasar da aka yi a garin Bodo da ke can arewacin Norwe. Biyana kanta ta sha karɓar baƙuncin gasar. Ta 2020 dai korona ce ta hana a yi.

Amma ina da ƙorafi. 'Yan mintuna kaɗan ake ba kowane yaro saboda lokacin talabijin, shi ya sa da yawa kan zaɓi ɓangaren da yatsu ke gudu don su burge. Wanda gwanintarsa ke cikin kiɗa mai sanyi sai ya tashi a tutar babu. Sannan ta yaya za a gwada mai fiyano da mai busa? Ko da yake a 2016 a Kolon ta Jamus wani yaro ɗan Folan ya ci da abin busa da ake kira saksofon, ya bar masu goge da fiyano suna kallo. Wani lokacin ma tausayi suke ba ni, don na san kafin yaro ya kai nan ya bar wasa tun yana ƙanƙani.

Akwai bidiyoyin a YouTube. In ka samu data, ka kalli ta 2024, ka nuna wa ɗanmu da kullum yake ƙwanƙwasa kwanuka, sai ka gaya min wanda kai za ka ba wa.

Ka gaida mutanen gida da duk abokanmu na majalisa. Sai na ji daga gare ka.

Naka har kullum,
Abokinka