Amsa ga Malamin da Ya Ce Ƙwarangwal Ba Ya Tafiya

Malam, assalamu alaikum.

Tambayarka ta iso ni, ko da yake ni ne na ƙarshen ji. Sai da ta gama zagaya jama'a sannan wani ɗalibina ya kawo mini ita, yana ta sunkuyar da kai. Cewa ka yi: ta yaya ƙwayar halitta, wadda ba ta da ƙashi ko ɗaya, zan ce tana da ƙwarangwal? In ma tana da shi, ta yaya abin da kowa ya san a sandare yake zai sa ta tafiya? Ka tsinto kuskuren awo guda a laccata. Sannan ka rufe da wadda ka fi so mutane su ji: wai na taɓa ganin abin da idona, ko hadda ce kawai nake juye wa yara?

Da ta ƙarshen zan fara, don ita ce ta sosa ni.

Na gani, Malam, kuma ba sau ɗaya ba. Ɓawon kifi guda ake cirowa, a ɗora kan gilashi, a zuba ruwan da ake renon ƙwayoyi da shi, a bar shi ya kwana. Washegari in ka leƙa ta madubin ganin ƙananan halittu, za ka tarar ƙwayoyin fata sun baro ɓawon suna rarrafe. Kowace ta buɗe gabanta kamar fiffike, fale-fale har kana hango abin da ke ƙasa, jikin kuma yana biye a dunƙule. Kafin ka gama gyara zama ta bar inda ka ganta. Ranar da na fara gani, sai da na taɓa teburin, na ɗauka shi ne ke motsi. Shekaru da dama ke nan ina nuna wa ɗalibai wannan, wasunsu yau likitoci ne, ka tambaye su ko hadda na ba su.

Abin da ke tura wannan fiffiken wani furotin ne mai suna aktin, ɗaya daga cikin kayan ginin wannan ƙwarangwal, wanda Brunó Straub ya fara warewa a Hangari a 1942. Ƙananan guntayensa suna haɗuwa su zama zare mai kaurin nanomita 7 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). A goshin ƙwayar, sababbin guntaye suna ta shiga tsakanin bakin zaren da fatar ƙwayar, kowane ya shiga sai fatar ta ɗan matsa gaba. Zare ɗaya ba shi da wani ƙarfi, amma zaren suna yin rassa, reshe yana fita daga jikin wani a kusurwar digiri 70, har su zama saƙa mai tokare fatar gaba ɗaya. A can baya kuma ana warware tsohuwar saƙar, guntayen su koma gaba a sake amfani da su. Kamar mai ƙetare taɓo da katako biyu ne, yana ɗauko na baya yana ajiyewa a gaba. Ƙwayar tana dafa ƙasa da wasu furotin masu manne ta, sannan mayosin, dangin wanda ke tsuke tsokar hannunka, ya jawo bayanta. Michael Abercrombie ya tsara waɗannan matakai a Ingila tun wajen 1970.

In kana ganin ido na iya ruɗar mutum, ga wata shaidar. Ɗiga sinadarin saitokalasin, wanda ke toshe bakin zaren aktin: fiffiken ya tsaya cak. A 1989 kuma Lewis Tilney da Daniel Portnoy suka nuna cewa bakteriyar Listeria, in ta shiga cikin ƙwayar mutum, tana sace aktin ɗin mai gida ta tara shi a bayanta kamar wutsiya, shi ke ingiza ta har ta huda zuwa ƙwayar da ke makwabtaka. Ko ƙwayar cuta ta san aikin wannan zaren, saura kai.

Batun suna, ka ɗan yi gaskiya. Kalmar ƙwarangwal tana kawo wa mutum hoton abu busasshe, alhali wannan kullum cikin rushewa da ginuwa yake. Tim Mitchison da Marc Kirschner sun nuna a 1984 cewa ƙananan bututun da ke cikinsa kan yi ta tsawo, kwatsam su zube, su sake tashi. Sai dai ba ni na raɗa sunan ba, ma'anar wanda masana duniya ke amfani da shi ke nan. In kana da wanda ya fi shi, kawo, zan karɓa da hannu biyu. Awon kuma, tuntuɓen harshe ne: faɗin bututun nanomita 25 ne, ba maikiromita ba, wanda ya ninka nanomita sau dubu. Na gode da gyara.

Da a ce neman sani ya kawo ka, da bututun nan za ka tambaye ni, don nan ne abin mamakin yake. A kansu wani furotin mai suna kinesin, wanda Ron Vale da abokan aikinsa suka gano a 1985, yake takawa da ƙafa biyu, taku ɗaya nanomita 8, ɗauke da kaya zuwa ƙarshen jijiyar da ke kai saƙon ƙwaƙwalwa. Su ne kuma ke cikin wutsiyar ƙwayar maniyyi da ƙananan gashin da ke share majina daga hanyar numfashi. Björn Afzelius ya bayyana a 1976 cewa mutanen da injin wannan gashin bai yi aiki a jikinsu ba suna fama da ciwon ƙirji da rashin haihuwa, kusan rabinsu ma zuciyarsu a dama take. Amma ba ka tambaya ba. Tambayar taka ma ba ta taso ba sai a makon da aka sanar cewa ni zan jagoranci bitar malamai. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Duk da haka ban ɗora maka laifin duka ba. Mu duka da zanen littafi aka rene mu: da'ira, ɗigo a tsakiya, kibiyoyi da sunaye. Yaro ya haddace sunayen, ya ci jarrabawa, ya fita da imanin cewa ƙwayar halitta jakar ruwa ce a ajiye. Babu wanda ya nuna masa farar ƙwayar jini tana kutsawa ta bangon jijiyar jini zuwa wurin rauni, ko ƙwayar sankara tana amfani da dabarar nan ɗaya ta bar mazauninta. Irin yaran nan su ne suke girma su zama malamai, su riƙa mamakin wanda ya ce abin yana motsi. Nakan ɓata makonni biyun farko na kowane zango ina goge wannan zanen daga kan ɗalibai.

Ƙofar ɗakin gwajina a buɗe take, ranka ya daɗe. Sai dai ka sanar da ni kwana ɗaya kafin ka zo, don ƙwayoyin ba sa fitowa sai ɓawon ya kwana. Ka taho da waɗanda ka tara suka ji tambayar, kujeru sun isa.

Wassalam,
Malamin da ka tambaya.