Wasiƙa daga Tawa: mazan jiya suna ƙarewa

Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai. Mutanen gida duk suna gaishe ki.

Mahaifiyarki ta ce kin damu da yawon da nake yi gida-gida cikin zafin nan ina ɗaukar muryoyin tsofaffin sojoji, ba albashi ba ladan kowa. Allah ya yi miki albarka. Amma aikin nan ba zai jira sanyi ba. Mazan jiyan da Faransa ta kwasa zuwa yaƙin Indocin da na Aljeriya saura 'yan kaɗan. Wanda ya ga faɗan Dien Bien Phu na yaƙin Indocin a 1954 yau ya haura shekara 85. Waɗanda aka kafa rundunar sojan Nijar da su a 1961 ma tsufa ya cim musu.

Akwai wani dattijo a unguwarmu da yake mance sunayen jikokinsa, amma da na tambaye shi lambarsa ta soja, sai ya miƙe wuya ya zayyano ta da Faransanci ba gargada. Ya sa aka jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Littafinsa na soja yana ciki, naɗe a leda, gara ta cinye gefensa. Har yanzu yana jin zafin dokar Faransa ta 1959 da ta daskarar da fanshonsu, alhali Bafaranshen da suka kwanta rami ɗaya nasa ya yi ta ƙaruwa. Ko 'ya'yansa ba su taɓa jin wannan daga bakinsa ba, don ba wanda ya zauna ya tambaye shi.

To ga abin da nake so da ke. A Yamai ma akwai irinsu, ke kuma kina da waya mai ɗaukar murya. Idan kin je, ki durƙusa ki gaida mutum, kada ki fara da fito da waya. Ki nemi izini tukuna. In ya rikita shekara, kada ki gyara masa, ki rubuta a gefe ki bincika daga baya. In ya yi shiru, ke ma ki yi shiru. Tsohon soja ba ya son a ga hawayensa, kuma abin da ya fi nauyi bayan shirun yake fitowa.

Kada ki tsallake mata. Matan sojojin da suka rasu a harin Inates a Disambar 2019 suna da abin faɗa, wasu ma ba za su iya gaya wa namiji ba.

Ki leƙa CELHTO, cibiyar nazarin harsuna da tarihin baka da ke Yamai, ki tambayi yadda suke adana muryoyi, don kasetocina sun fara lalacewa. In kin tashi zuwa hutu, ki taho mini da katin waya mai ɗaukar abu da yawa, mu juye su tare.

Allah ya tsare ki.

Mahaifinki