Zaren da na kaɗa da ƙaro

Assalamu alaikum, aminina.

Ina gajiya, ina sanyin Faransa? Wata huɗu ba ka ji ni ba, ka yi haƙuri. Wai hutun bana za ka zo kuwa? Inna kullum sai ta tambaya.

Albishirinka! Injin nan na kaɗa siririn zare da wutar lantarki, da ka yi ta yi mini dariya a kansa, ya yi aiki. Daren Alhamis, bayan na dawo daga kasuwar Dole da ƙaron dakwara rabin tiya, na jiƙa shi da ruwa, na haɗa da PVA, wani sinadari mai danƙo da ke narkewa a ruwa, tunda ƙaro shi kaɗai ba ya jan zare. Na zuba a sirinji, na ɗaura wayar wuta a bakin allura, wajen volt 15,000 daga cikin tsohuwar tele, na kafa faranti nesa da ita kamar taƙi ɗaya. Sai ɗigon da ke bakin allura ya tsuke ya yi tsini, abin da masanin kimiyya Geoffrey Taylor ya bayyana tun 1964, wani siririn abu ya fita yana rawa. Kafin ya kai faranti ya bushe. Da na haska fitila sai ga fari-fari kamar yanar gizo-gizo. Wallahi hannuna har rawa yake. Irin wannan zare, gashin kai ya fi shi kauri sau 100 ko fiye.

Kai da ko gashin kwatantawa ba ka da shi yanzu, sai ka ara wajen madam.

Abin da ya fi daɗaɗa mini rai shi ne ruwa. Tun da Anton Formhals ya yi rajistar dabarar a 1934, yawanci da sinadarai masu guba ake narka kayan, irin su kulorofom, mai aikin ya shaƙa, iska ta ɗauki saura. Ni kuwa ruwan randa ne da ƙaron da muke zuba wa tawada a makarantar allo. Ana yin matatar iska da matatar ruwa da abin rufe ciwo da wannan zare. Ka san yadda ƙurar hunturu ke tayar wa Inna da tari, ita nake tunawa duk sanda na kalli farantin.

Af, ƙanen naka ya yi baiko a Birni, ba ƴar da muke zato ba. Sai ka zo ka sha labari.

Damuwata ɗaya ce: na ɗiga wa zaren ruwa, nan take ya narke. Ana ɗaure zaren PVA da sinadarin tsamin lemo, a gasa shi da zafi, don kada ruwa ya narkar da shi. Gobe in an kawo wuta zan gwada a tandar maƙwabciya. Don Allah ka roƙa mini a ɗakin bincikenku a duba mini guntu da madubin ilektron mai girmama ƙananan abubuwa, zan ba wani mai tafiya ya kawo maka cikin ambulan.

Ka gaida madam da yara.

Naka,
daga Damagaram