A riƙa gwada injinan ɗaukar hoton ƙirji

Ranka ya daɗe Edita,

Watan jiya na kai mahaifina ɗaukar hoton ƙirji a wani asibitin kuɗi a Agege. Sau uku ana ɗauka, hoton na fitowa dishi-dishi. Ma'aikacin ya ce an daɗe ba a daidaita injin ba, ƙarfin hasken da yake fitarwa ya saɓa da lambar da aka saita. Ke nan hasken nan mai ratsa jiki, wanda yawansa ke cutarwa, ya bi ta jikin Baba sau uku, ga tsufa ga tari.

Hukumar NNRA, mai sa ido kan harkokin nukiliya a Najeriya, ita ce ke ba da lasisin waɗannan injina. Ina roƙonta ta riƙa zagaya asibitocin Legas, a gwada kowane inji da na'urar awo, a manna ranar gwajin a ƙofa mu gani da idonmu.

Naka,
Mai sayar da albasa, Kasuwar Mile 12