Wasiƙa Zuwa Ga Iyaye: Batun 'Yan Gudunmu Na Dogon Zango

Assalamu alaikum iyaye da masu riƙon ɗalibanmu. Muna fatan kuna lafiya, ya aiki, ya kuma sanyin bana?

Wasiƙar wannan karo kusan duk a kan gudu take, saboda maganar da ta taso a taron iyaye da malamai bayan yaranmu sun dawo daga gasa. Kun ji dai yadda 'yan Filato suka yi mana fintinkau a tseren mita 1,500 da na 5,000. A wurin taron wani uba ya miƙe ya ce a daina wahalar da yara, su can a kan dutse aka haife su, mu kuwa nan Kano iskarmu daban ce. Mutane da dama suka gyaɗa kai. Akwai gaskiya a maganarsa, sai dai rabinta ya faɗa.

Jos tana kusan mita 1,200 sama da teku, Kano kuwa ba ta kai mita 500 ba. Duk lokacin da mutum ya ƙara hawa sama, iska tana ƙara yin sakayau, numfashi ɗaya ba ya kai wa jini oksijin kamar yadda yake kaiwa a ƙasa. Sai ƙoda ta saki wani sinadari da ke sa ɓargo ya ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne ke ɗaukar oksijin zuwa tsoka. Shi ya sa wanda ya saba gudu a tudu, in ya sauko sai ya ji ƙirjinsa ya buɗe. Amma abin yana ɗaukar makonni kafin ya kama jiki, kuma in an dawo ƙasa yakan zube cikin 'yan makonni. Don haka shawarar da wasu suka kawo, ta a kai yara Jos na kwana uku kafin gasa, ba mu karɓa ba. Kuɗin mota kawai za a yi asara.

Garin da ya fi suna a duniya a wannan harka shi ne Iten a ƙasar Kenya, wanda ke kusan mita 2,400, wato ninki biyu na Jos. Can akwai makarantar sakandare ta St Patrick's. A 1976 wani ɗan ƙasar Ireland mai suna Colm O'Connell ya zo koyar da labarin ƙasa, bai taɓa horar da ɗan gudu ko ɗaya ba. A filin makarantar ya koya, yana kallon yara yana sauraronsu. Daga cikin ɗaliban makarantar aka samu Peter Rono, wanda ya ci zinare a mita 1,500 a gasar Olamfik ta Seoul a 1988, da Matthew Birir, wanda shi ma ya ci zinare a wani tseren daban a ta Barcelona a 1992. David Rudisha da ya zo hannun wannan malami mita 400 yake gudu, malamin ne ya lura da takun yaron ya ce ya gwada 800. A Landan a 2012 Rudisha ya gama mita 800 cikin minti 1 da daƙiƙa 40.91, har yau ba wanda ya karya wannan tarihi.

Haka labarin yake a Bekoji ta Habasha, inda wani malamin motsa jiki, Sentayehu Eshetu, ya fara horar da Derartu Tulu da Kenenisa Bekele da Tirunesh Dibaba tun suna ƙanana. To in tudu kaɗai ne sirrin, da 'yan La Paz ta Bolibiya, da ke sama da mita 3,500, sun cinye kowace gasa, amma ba a jin ɗuriyarsu a sahun gaba. Tudun Iten da na Bekoji sun daɗe a wurin. Abin da aka ƙara a kai shi ne malami mai haƙuri da yaran da ke fitowa kullum, shekara da shekaru. A ganinmu a nan ne 'yan Filato suka fi mu: su duk shekara suna fili, mu kuwa sai saura wata ɗaya gasa muke tuna muna da 'yan gudu. Wannan laifinmu ne a makaranta, ba na yaran ba, kuma shi muka ɗaura aniyar gyarawa.

Daga zangon karatu mai zuwa atisaye zai zama kwana uku a mako, da sassafe kafin rana ta ɗaga. Ba kullum za a riƙa tsere ba. Yawancin kwanaki sassarfa ce wadda yaro zai iya hira yana yinta, a riƙa ƙara nisa kaɗan-kaɗan, domin ƙashin matashi bai gama ƙwari ba, gaggawa kuma ita ke kawo ciwon gwiwa da na ƙwauri. Ranar da ƙurar hunturu ta yi yawa za a ɗaga. Da azumi kuma za a sassauta ƙwarai. 'Yan mata suna da malamarsu da lokacinsu, cikin dogon wando da hijabi, kuma muna roƙon iyaye kada a hana wadda Allah ya ba baiwar.

Wani abu da muke so a ɗauka da muhimmanci: duk yaron da zai shiga sai ya kawo takardar gwajin jini daga asibiti. Mai sikila, da mai ɗauke da rabinta wato AS, da mai asma, wajibi ne malami ya san da su, domin gudu mai tsanani cikin zafi da ƙishirwa, ko a wuri mai tudu, yana iya jefa su cikin haɗari. Kada kunya ta sa a ɓoye mana.

A gida kuma ga inda muke neman hannunku. Jini ba ya ƙaruwa sai da abinci mai gina shi: wake, zogale, alayyafo, rama, ƙwai, da hanta in an samu hali. A ba yaro ruwa isasshe, a karɓe waya da dare ya samu barci. Don Allah a sa ido kan ƙwayoyin da ake sayarwa da sunan ƙarin kuzari, musamman tiramadol. Duk wanda muka kama da su za mu cire shi daga ƙungiya mu kira iyayensa. Wanda karatunsa ya ja baya shi ma zai huta da fili har sai ya gyara.

Takalmi ba sai mai tsada ba, na gwanjo mai laushin ƙasa ya wadatar. Takardar amincewa tana hannun yaranku, a sa hannu a dawo da ita ofishin malamin wasanni a makon farko na komawa makaranta. Mai tambaya kuma ƙofarmu a buɗe take.

Allah ya raya mana su, ya yi musu albarka.

Wassalam,
Shugaban makaranta