Wasiƙa ga 'yata kafin ta saki laburarenta

Assalamu alaikum 'yata,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Na ji kina shirin sakin laburaren da kika rubuta, wato tarin umarnin kwamfuta da masu gina manhaja za su ɗauka su sa a aikinsu, shi ya sa na ce bari in ja hankalinki tun da wuri.

Duk fankshin (wato guntun umarni mai suna da ke yin aiki guda) da kika bari a buɗe ga masu amfani, alkawari kika ɗauka. Da zarar wani ya ɗora aikinsa a kai, sauya masa suna ko jerin abin da yake karɓa zai lalata manhajar mutanen da ba ki taɓa gani ba. Don haka ki buɗe kaɗan, ki ɓoye sauran. Ƙara sabo gobe ba wuya, amma janye wanda aka saba da shi sai an ji jiki.

Lambar siga kuma, wato lambar da ake bai wa kowace fitowar laburaren, ta faɗi gaskiya. A ce kina kan 2.4.1. Idan kuskure kika gyara, ki koma 2.4.2. Idan sabon abu kika ƙara bai taɓa tsohon ba, 2.5.0. Idan kuwa sauyin zai karya aikin mutane, to 3.0.0 ne, kome ƙanƙantarsa a idonki. Kafin ki cire wani abu, ki sa gargaɗi a sigar da ta gabace ta, ki faɗi abin da zai maye gurbinsa.

Ki sani laburare baƙo ne a manhajar wani. Kada ya riƙa rubutu a allo da kansa, kada ya rufe manhajar. In matsala ta auku, ya mayar da saƙon kuskure mai bayanin abin da aka ba shi da abin da yake buƙata, mai manhajar ya yanke hukunci.

Ki rage dogaro da laburaren wasu, domin duk wanda kika jawo, masu amfani da naki ma sun gaje shi. A watan Maris na 2016 aka cire wani ƙaramin laburare mai suna left-pad, layi 11 kacal, daga npm, rumbun da masu gina manhaja ke ɗauko laburare, sai dubban ayyukan da suka dogara da shi suka kasa haɗuwa.

Duk kuskuren da aka kawo miki, ki fara rubuta gwajin da zai kama shi, sannan ki gyara. Kada ki manta da lasisi, ko MIT ko Apache 2.0, in babu shi, doka ba ta bai wa kowa damar ɗaukar aikinki ba.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki