Ba Kowane Labarin Bagadaza Ba Ne Ya Fito Daga Larabci

Ya Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili in ja hankalin malamai da matasan Zangon Kumasi masu son juya tsofaffin labaran Gabas zuwa Hausa. Da yawa daga cikin waɗanda muke ɗauka na Larabawa ne, Turawan ƙarni na 18 ne suka ƙaga su, suka naɗa musu rawani.

Antoine Galland ne ya buɗe ƙofar, da ya fassara Dare Dubu da Ɗaya zuwa Faransanci tsakanin 1704 da 1717, juzu'i 12. Aladdin da Ali Baba ba sa cikin rubutun hannu na Sham da ya yi aiki da shi. Wani mutumin Halab, Hanna Diyab, ne ya ba shi su da baki a 1709. Da kasuwa ta buɗe sai marubutan Faransa da Ingila suka shiga ƙirƙiro nasu.

Wanda ya fi ruɗi shi ne littafin Vathek. William Beckford, ɗan Ingila, ya rubuta shi da Faransanci a 1782. Ya ari sunan Halifa Wasiƙ na Abbasiyawa, ya jingina masa tsafi da bin Iblis, alhali ba tarihinsa ba ne. Samuel Henley ya mayar da shi Turanci, ya buga a Landan a 1786 ba da izinin mai shi ba, bai sa sunan Beckford ba, ya kuma ce daga Larabci aka fassaro. Beckford ya yi maza ya fitar da na Faransanci a Lausanne da Paris, duka ɗauke da shekarar 1787, kuma lafazinsu bai zo ɗaya ba. Don haka wajibi ne mai fassara ya faɗa wa masu karatu wane bugu ya bi da wanda ya rubuta, kada ɗalibi ya ɗauki ƙagen Bature a matsayin tarihin Musulunci. Wannan yana damuna ƙwarai.

Wanda tsohon bugu ya faɗo hannunsa, ya ɗaga shafi ɗaya ga haske don ya gane ko na asali ne. Takardar wancan zamani galibi da tsumma ake yin ta, za a ga layuka a jikinta, tazarar santimita 2 zuwa 3 tsakaninsu. A tsakiyar kalma harafin s yakan yi tsawo har ya yi kama da f. Amma sabon bugu na iya kwaikwayon harafi, takardar ta fi zama shaida.

Sai adanawa. Danshin Kumasi yana sa littafi fumfuna, musamman in an ƙunshe shi a leda, don raɓa ba ta samun mafita. Kada a liƙe yagaggen shafi da salatef, gam ɗin yana nutsewa cikin takarda ya bar tabo. A naɗe shi da farin ƙyalle, a ɗora kan kanta nesa da bango saboda gara, a riƙa buɗe shi yana shan iska a inuwa.

Naku,
Mai karatu daga Aboabo, Kumasi